Raunin Ji: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take da Yadda Ake Magance Ta

Mutum biyu kan zo da kuka iri ɗaya, kowanne ya ce kunnensa ya daina ji sosai. Na farko dauɗa ce ta toshe masa rami, a cire ta cikin minti 10 ya koma gida yana ji garau. Na biyu kunnen cikinsa ne ya samu matsala farat ɗaya, in aka bar shi ya haura mako biyu ba magani, mai yiwuwa jin ya tafi ke nan. Kukan ɗaya ne, ciwon daban. Saboda haka duk wani magani, daga ɗigon kunne har zuwa tiyata, yana biyo bayan tambaya guda: a ina sautin yake tsayawa?

Hanyar da sauti ke bi

Sauti yana shiga ta ramin kunne, mai tsawon kusan santimita 2.5 a babban mutum, ya bugi dodon kunne, wato siririn tantanin da ya rufe ƙarshen ramin. A bayan tantanin akwai ɗan ɗaki mai iska, kunnen tsakiya, inda ƙananan ƙasusuwa uku suke sarƙe da juna: guduma, maƙera da likkafa. Su ke miƙa girgizar zuwa ciki. Wata siririyar kafa ta haɗa ɗakin da bayan hanci don daidaita iska, shi ya sa kunne kan yi dum idan mura ta kama mutum. A can ciki kuma akwai katantanwa, nannaɗaɗɗen ƙashi cike da ruwa, mai ɗauke da ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000. Su ne ke juya girgiza ta zama saƙon da jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Daga nan raunin ji ya kasu biyu. Akwai na toshewar hanya, inda matsalar take a rami, ko dodon kunne, ko ƙasusuwan nan uku. Yawancinsa yana jin magani ko tiyata. Akwai kuma na katantanwa ko jijiya, wanda galibi ba ya warkewa, sai dai a tallafa masa da na'ura. Wani lokaci a tarar da duka biyun a kunne ɗaya.

Mataki na farko: a fitar da abin da ba ya jira

Idan ji ya ɗauke a kunne ɗaya cikin kwana uku ko ƙasa da haka, babu ciwo, babu ruwa, a ɗauke shi a matsayin larurar gaggawa, a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro a ranar ko washegari. Mutane da yawa suna wayar gari da shi, su ɗauka dauɗa ce ko sanyi, su yi ta ɗiga magani har lokacin ceto ya wuce. Akwai gwajin da mutum zai yi wa kansa a take: ya rufe baki ya yi gunji, "mmm". In ya fi jin muryarsa a kunnen da ya toshe, alama ce ta toshewar hanya. In kuwa muryar ta koma kunne mai lafiya, ana zargin katantanwa, kuma babu sauran zama.

Haka nan ba a jira idan raunin ji ya zo tare da karkacewar fuska, ko jiri mai kayar da mutum, ko kumburi da ja a bayan kunne har ya turo shi gaba, ko zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya a mai kunne mai zubar da mugunya, ko bayan buguwa a kai musamman in jini ko farin ruwa na fita. Dattijo mai ciwon suga da ciwon kunne ya hana barci shi ma na asibiti ne, domin ciwon kan ci ya shiga ƙashi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli in ya shiga kunnen yaro a fitar da shi cikin awanni, kuma kada a zuba ruwa ko mai, domin laima ce ke sa shi ƙona nama.

Mataki na biyu: tambayoyi

Rabin ganewar yana cikin labarin da majiyyaci ya bayar. Yaushe abin ya fara, a hankali ko farat ɗaya? Kunne ɗaya ne ko biyu? Yana zuwa yana tafiya? Akwai ciwo, ƙaiƙayi, ruwa, ƙara a kunne, ko hajijiya? Wane aiki mutum yake yi, shekara nawa ya yi kusa da injin, janareta, bindiga ko lasifika? A dangi akwai wanda ya kurumce tun yana matashi?

Sai tarihin cututtuka: sanƙarau, ƙyanda, hangum, zazzaɓin Lassa, sikila, ciwon suga, ciwon ƙoda. Sai magunguna, kuma wannan ce tambayar da aka fi mantawa da ita. Alluran gentamicin, streptomycin, amikacin da kanamycin suna iya kashe ƙwayoyin katantanwa har abada, haka ma cisplatin na ciwon daji. Quinine, da aspirin mai yawa, da furosemide idan aka ba da shi da yawa ta jijiya, suna kawo ƙara da raunin ji, amma nasu yakan janye idan an daina.

Yadda mutum yake kwatanta matsalarsa ma ishara ce. Wanda ya ce "ina jin magana amma ba na gane abin da ake faɗa", musamman a cikin taro, siraran sautuka ne suka ɓace masa. Wasula masu kauri ne, suna isa gare shi, amma baƙaƙe irin s, sh, f da ts sirara ne, sai ya kasa raba "sata" da "fata", ko "safe" da "shafe". Wannan halin katantanwa ne, na tsufa ko na hayaniya. Mai toshewar hanya kuwa, in aka ɗaga murya yana ganewa tsaf, kuma shi kansa yakan yi magana ƙasa-ƙasa saboda muryarsa tana cika masa kai.

Mataki na uku: leƙa kunne

Ana amfani da tocilan kunne mai gilashin ƙara girma. A babban mutum a ja fatar kunne sama da baya don ramin ya miƙe. A ƙaramin yaro a ja ta ƙasa da baya. A fara da kunne mai lafiya don a samu abin kwatance. Lafiyayyen dodon kunne toka-toka ne mai sheƙi, ana hango hannun guduma a jikinsa. In ya yi ja ya kumburo, mugunya ce a bayansa. In ya dushe ya yi ruwan zuma, ko ya shige ciki, ko ana ganin kumfa, ruwa ne ya taru. A nemi huji, kuma a dubi saman tantanin da kyau, domin a nan ne farar ɓawon fata mai cin ƙashi ke ɓuya. Idan taɓa ɗan guringuntsin da ke bakin rami ya sa mutum ya zabura, ramin ne ya kumbura.

Mataki na huɗu: gwaji ba tare da babbar na'ura ba

Gwajin raɗa: mai gwaji ya tsaya a bayan majiyyaci, tazarar hannu ɗaya, kimanin santimita 60, don kada a karanci leɓensa. Ya danna guringuntsin ɗaya kunnen yana murzawa a hankali don kada ya taya ji. Ya fitar da numfashi gaba ɗaya, sannan ya raɗa lambobi ko haruffa uku. In an kuskure, ya maimaita da wasu uku daban. Wanda ya kasa dawo da uku cikin shida yana bukatar cikakken gwaji.

Sai ƙarfen gwajin ji mai ƙafa biyu, na 512 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne). A buga shi a gwiwa ko gwiwar hannu, ba a kan tebur ba, domin abu mai tauri yana haifar da ƙarin sautuka masu ruɗarwa. A gwajin Weber ana ɗora gindinsa a tsakiyar goshi: sautin yana karkata zuwa kunnen da hanyarsa ta toshe, yana kuma gudu daga kunnen da katantanwarsa ta lalace. A gwajin Rinne ana ɗora shi a ƙashin bayan kunne, sannan a kawo shi kusa da bakin rami, a tambaya inda ya fi ƙarfi. Lafiyayyen kunne ya fi ji ta iska. In ta ƙashi ya fi, hanya ce ta toshe. Akwai tarko a nan: kunnen da ya mutu murus zai nuna kamar yana ji ta ƙashi, alhali ɗaya kunnen ne ke karɓar girgizar ta ƙoƙon kai. Dalilin da ya sa ba a yin Rinne shi kaɗai ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhajar waya mai suna hearWHO, wadda ke karanto lambobi uku-uku a cikin hayaniya. Tana nuna wanda ya kamata ya je gwaji, amma ba ta faɗin dalilin raunin.

Mataki na biyar: cikakken gwaji da karanta sakamakonsa

Ana yin sa a ɗaki marar hayaniya, bayan an tabbatar ramin kunne a buɗe yake. Mai aiki a wuri mai ƙara ya huta daga hayaniya aƙalla awa 14 kafin gwaji, in ba haka ba sakamakon zai fi gaskiya muni. Ana sa wa mutum abin ji a kunnuwa, a aika sauti daga 250 Hz mai kauri zuwa 8000 Hz siriri. Duk lokacin da ya ji a rage desibel 10 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), in bai ji ba a ƙara 5, har a samu mafi ƙanƙantar sautin da yake kamawa. Sannan a maimaita da ɗan abin girgiza a ƙashin bayan kunne, wanda ke tsallake rami da kunnen tsakiya ya je katantanwa kai-tsaye. In bambancin kunnuwan biyu ya kai desibel 40, dole a cika mai kyan da shuuu don kada ya amsa a madadin ɗan'uwansa.

Takardar da ke fitowa ita ce odiyogram. Jan da'ira kunnen dama ne, shuɗin X na hagu, kuma gwargwadon yadda layi ya yi ƙasa, gwargwadon raunin. Ana haɗa sakamakon 500, 1000, 2000 da 4000 Hz a raba huɗu. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a rahotonta na 2021, ƙasa da desibel 20 lafiya ne. 20 zuwa 34 ɗan rauni. 35 zuwa 49 matsakaici. 50 zuwa 64 ya fara tsanani. 65 zuwa 79 mai tsanani. 80 zuwa 94 mai tsanani ƙwarai. 95 zuwa sama kurumta. Don a gane ma'aunin, raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 430 ne a duniya raunin nasu ya kai a tallafa musu.

Siffar layin ta fi lambar faɗin gaskiya. In layin ƙashi yana sama, na iska yana ƙasa, da giɓin desibel 15 ko fiye a tsakani, toshewar hanya ce. In sun sauka tare, katantanwa ce ko jijiya. Gangara a hankali wajen siraran sautuka a kunnuwa biyu alamar tsufa ce. Faɗawar layin a daidai 4000 Hz da ɗan farfaɗowa a 8000 tambarin hayaniya ne. Raunin da ya fi yawa a sautuka masu kauri, yana hawa yana sauka, tare da jirin da kan ɗauki minti 20 zuwa awa 12, yana nuni ga cutar Meniere. Idan kuwa kunne ɗaya ya fi ɗaya rauni a fili, irin na jijiya, ba tare da dalili ba, a yi hoton MRI, domin wani ƙari marar daji kan tsiro a kan jijiyar ji. Ba kasafai ake samunsa ba, amma ba a gane shi da tocila.

Ana haɗawa da gwajin motsin dodon kunne, inda ake toshe rami da ɗan roba a sauya matsin iska. Zane mai tsini a tsakiya lafiya ne. Shimfiɗaɗɗe ruwa ne ko huji. Tsinin da ya koma hagu yana nufin kafar nan da ta haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci ba ta buɗewa. Sai gwajin maimaita kalmomi, wanda ke nuna iya amfanin da na'ura za ta yi.

Jarirai da yara

A nan lokaci ya fi komai tsada, saboda ƙwaƙwalwa tana gina harshe ne a shekarun farko. Cikin jarirai 1,000, ɗaya zuwa uku ana haihuwarsu da raunin ji na dindindin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne, don haka rashin kurma a dangi ba hujja ba ce. Ƙa'idar da ake bi ita ce 1, 3, 6: a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara tallafi kafin wata 6.

Gwajin OAE yana auna ɗan amon da lafiyayyar katantanwa ke mayarwa, ana gama shi cikin 'yan mintuna jariri na barci. Gwajin ABR kuma ana manna wayoyi a kai a bi saƙon har cikin ƙwaƙwalwa. Bakwaini, da wanda shawara ta yi wa tsanani, da wanda bai yi kuka da wuri ba, da wanda aka yi wa alluran da muka ambata, su ABR ya dace da su, domin jijiyarsu na iya lalacewa alhali katantanwa na amsawa. Faɗuwa gwajin farko ba hukunci ba ne, sau da yawa ruwan haihuwa ne bai gama bushewa ba, amma dole a koma. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada shi cikin mako huɗu, saboda katantanwa kan cike da ƙashi bayan cutar, dasa na'urar ji a cikinta ya yi wuya daga baya.

A gida a lura: jariri ya razana da ƙara mai ƙarfi, ya waiwayi sauti wajen wata 6, ya yi "ba-ba-ba" kafin wata 9, kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Tafi a gaban yaro gwajin banza ne, idonsa ya gani, fatarsa ta ji iska. Kuma kurman jariri ma yana gwaranci a watannin farko, daga baya ne yake yin shiru.

Mataki na shida: magani gwargwadon dalili

Dauɗa. A ɗiga man zaitun ko ruwan sodium bicarbonate na kunne, ɗigo 2 zuwa 3, sau 3 a rana, kwana 3 zuwa 5, mutum na kwance kunnen na sama, ya jira minti 5. In ba ta fito ba, ma'aikacin lafiya ya wanke da ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, yana nufar saman rami. Ruwan da ya fi haka sanyi ko zafi yana tayar da jiri nan take. Ba a wanke kunne mai huji, ko wanda aka taɓa yi wa tiyata, ko kunne ɗaya tilo da mutum yake ji da shi. Waɗannan zuƙewa ake yi da na'ura ana gani. Tsinken auduga, ashana da murfin biro tura dauɗar suke yi ciki su danƙare ta. Ƙwaro in ya shiga, a zuba mai ya mutu kafin a fitar. Ƙwayar hatsi ko wake kuwa kada ruwa ya taɓa ta, kumbura take yi.

Ciwon kunnen tsakiya na farat ɗaya. Paracetamol don zafi. A yaron da ya haura shekara 2 kuma jikinsa bai yi tsanani ba, likita kan jira kwana 2 zuwa 3, domin da yawa suna warkewa da kansu. In ba haka ba amoxicillin ne na farko. Ruwan da kan saura a bayan tantani, mai kauri kamar gam, yana rage ji da kimanin desibel 25 zuwa 30 ba tare da ciwo ba, sai a ga yaro ya koma baya a aji ana ce masa marar ji. Ana ba shi wata 3. In bai janye ba a kunnuwa biyu, a sa ɗan bututu a tantanin, wanda kan faɗo da kansa cikin wata 6 zuwa 12.

Kunne mai zubar da mugunya fiye da mako biyu. Akwai huji ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗiga magani a kan mugunya, inda ba ya isa ko'ina. A murza takarda mai laushi ta yi tsini, a zura ta a hankali ta tsotse, a sauya har ta fito a bushe, sau 3 a rana. Bayan nan a ɗiga ciprofloxacin na kunne yadda likita ya rubuta, a danna guringuntsin bakin rami sau da yawa don maganin ya ratsa hujin. Ɗigon da ke ɗauke da gentamicin ko neomycin yana iya ratsawa ya cutar da katantanwa, kada a saye shi kai-tsaye. Lokacin wanka a toshe da auduga da aka shafa wa Vaseline. In kunne ya bushe hujin bai rufe ba, ana yi masa faci da tantanin da aka ɗebo daga jikin mutum. In ruwan yana wari sosai kuma ba ya jin magani, a nemi farar ɓawon nan mai cin ƙashi. Ita tiyata ce kawai maganinta, kuma barinta kan kai ga shanyewar fuska ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Hujin mari ko fashewar wani abu kuwa yawanci yana rufewa cikin mako 6 zuwa 8, muddin ba a zuba komai ba.

Sandarewar likkafa. Tantani lafiya lau, ji na raguwa a hankali a matashi, ya fi yawa a mata, yana bin dangi, yakan ƙaru da juna biyu. Ko dai na'ura, ko tiyatar maye gurbin likkafar da ɗan ƙarfe.

Ɗaukewar ji farat ɗaya. Ma'anarsa a likitance faɗuwar desibel 30 ko fiye a sautuka uku masu maƙwabtaka cikin awa 72. Ana ba da prednisolone, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, iyaka 60 a rana, na kwana 7 zuwa 14, sannan a rage a hankali. Ya fi aiki a mako biyun farko. Yana tayar da suga da hawan jini, yana fama gyambon ciki, don haka na likita ne, ba na kanti ba. Wanda ba zai iya sha ba, ko ya sha bai samu sauƙi ba, ana yi masa allurar maganin ta cikin dodon kunne.

Na'urar ƙara ji

Sassanta huɗu ne: makirufo, abin sarrafa sauti, ƙaramar lasifika da batir. Mai zama a bayan kunne ta fi ƙarfi da juriya, ita ake ba yara da masu rauni mai tsanani. Ƙananan da ke shigewa rami ba a ganinsu, amma dauɗa da gumi sun fi kashe su, kuma suna wahalar da mai rawar hannu. Abin da ya raba ta da abin ƙara sauti da ake sayarwa barkatai shi ne saiti: ana ɗora ta a kan odiyogram ɗin mai ita, ta ƙara inda ya rasa ta bar inda yake ji, kuma tana da iyakar da ba ta wucewa. Saitin da ya fi inganci shi ne wanda aka auna da siririn bututu a cikin ramin kunnen mutumin, na'urar na aiki. In kunnuwa biyu ne da rauni, biyu ake sawa, domin da su ne ake gane inda sauti ya fito, a kuma tsinci magana cikin hayaniya.

Makonnin farko ba daɗi. Ƙarar cokali, takun ƙafa da muryar mutum kansa duk za su dame shi, saboda ƙwaƙwalwa ta shekara ba ta ji su ba. A fara da awa 2 zuwa 3 a wuri shiru, a riƙa ƙarawa har ta zama ta yini. Mai sa ta ranar taro kaɗai ba zai taɓa sabawa ba, kuma irin tasa ce ke ƙarewa a cikin akwati. A koma gyaran saiti bayan 'yan makonni.

In tana yin siririyar ƙara kamar fito, ko dai ba ta zauna daidai ba, ko robar da ke zama a bakin rami ta yi wa kunne kaɗan, ko bututu ya tsage, ko dauɗa ce ke mayar da sauti. A yara robar kan yi kaɗan cikin 'yan watanni saboda girma. In ta yi shiru, a duba batir, sannan matatar dauɗa da ke bakinta, sannan ɗigon ruwa a bututu. Batura huɗu ne, kowanne da launinsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska suke aiki, saboda haka bayan ɓare takardar a jira minti 1 kafin a saka, kuma mayar da takardar ba ya tsayar da ƙarewarsu. Da dare a buɗe murfin batir a ajiye na'urar a gwangwani mai tsotse laima. Iyaye su gwada ta kowace safiya da sautuka shida, m, u, a, i, sh, s, suna faɗa daga bayan yaro. Sautin da bai amsa ba yana nuna yankin da ba ya isa gare shi.

Idan na'ura ta gaza

Mai rauni mai tsanani a kunnuwa biyu wanda ya gwada na'ura mai kyau na watanni bai amfana ba, ana duba yiwuwar dashen katantanwa. Ana zura siririyar waya mai maki 12 zuwa 22 cikin katantanwa ta taɓa jijiya kai-tsaye, wani sashe kuma yana waje manne da maganaɗisu. Ana kunna ta mako 2 zuwa 4 bayan tiyata, kuma a yi rigakafin sanƙarau kafin aiki. Tiyatar ita ce ɓangare mai sauƙi. Aikin yana cikin shekarun saiti da koyon sauraro. Babban da ya taɓa ji yakan amfana sosai, haka yaron da aka yi wa kafin shekara 2 ko 3. Wanda aka haifa kurma ya girma bai taɓa jin magana ba, abin da zai samu kaɗan ne, kuma gara a faɗa wa iyali wannan tun farko. Wanda ba shi da ramin kunne, ko kunnensa ba ya daina ruwa, akwai na'urar da ke aika sauti ta ƙashi.

Ko da wace hanya aka zaɓa, kada a bar yaro ba harshe ana jiran kuɗi ko tiyata. Maganar hannu cikakken harshe ce, koyonta ba ya hana koyon maganar baki, kuma gidan duka ya kamata ya koya.

Ƙarar kunne, da kare abin da ya saura

Ƙarar da mutum ke ji shi kaɗai galibi 'yar rakiyar raunin ji ce, kuma na'ura kan rage ta. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ta. Abin da ke taimakawa shi ne sauti mai laushi a ɗaki lokacin barci, da zaman koyon kawar da hankali daga kanta. Amma in a kunne ɗaya take, ko tana bugawa tare da zuciya, a bincika.

Hayaniya ana lissafa ta da ƙarfi da kuma lokaci. Desibel 85 iyakarsa awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya ya ji ka, wurin ya kai haddi. Mai sauraro da abin kunne ya tsaya ƙasa da kashi 60 na ƙarfin waya. Kunnen da ya yi dum ko yake ƙara bayan fita daga wuri mai amo ya riga ya ji jiki, ko da ya washe da safe. Soson toshe kunne kuma sai an sa shi daidai yake aiki: a murza shi ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama, a zura, a riƙe daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Auduga ba ta tare komai. Mai aiki cikin ƙara ya yi odiyogram lokacin kama aiki, sannan duk shekara, a riƙa ajiye takardun ana kwatanta layin 4000 Hz na bana da na bara.